Kafin Alƙalamin Gida: Yadda Na Tara Nawa Da Albashin Malamin Makaranta

A watan Disambar 2019, bayan sallar isha'i, mai gidan da muke haya ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, sai dai ka yi haƙuri. Yaron nan nawa zai yi aure bayan ƙaramar salla, kuma nan nake so ya zauna." Bai zalunce ni ba. Gidansa ne, kuma ya ba ni wata biyar. Amma wannan ne karo na huɗu cikin shekara tara da zan loda katifa da tukwane a bayan a-kori-kura, ina neman inda zan ajiye mace da yara uku.

Da na shiga ciki uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, an ce mu tashi ko?" Na ce e. Ta yi shiru, can ta ce, "To in mun tashi wannan karon, mu san ranar da za mu daina tashi."

A watan Oktoban 2024 na biya naira miliyan 2 da dubu 700 a matsayin kafin alƙalamin wani ɗan gida a bayan gari, ta hanyar Gwarzo. Ɗaki biyu da falo, an rufa kwano, amma ba filasta, ba daɓe, ba ƙyaure. Ni malamin sakandare ne a Kano, kuma lokacin da na fara tari albashina bai kai dubu 70 ba. Abin da zan faɗa na masu irin wannan samu ne, waɗanda ba wanda zai ɗauki mukulli ya miƙa musu.

Ka fara da sanin abin da kake tarawa dominsa. Wanda ya ce "ina tara kuɗin gida" kawai, ba zai wata shida ba kuɗin zai zama na gyaran babur ko na suna. Ka ɗauki Asabar biyu ko uku ka fita da ƙafarka. Ka je Panshekara, ka je Janguza, ka je Rimin Kebe, ka leƙa hanyar Dawakin Kudu, duk inda kake ganin za ka iya zuwa wurin aiki daga can ba tare da kuɗin mai ya cinye ka ba. Ka zauna da dillalan unguwa a kan bencinsu, ka tambayi fili nawa, kango nawa, gidan da aka rufa nawa, kuma waɗanne masu gida ne suke yarda a biya su kashi-kashi. Kada ka tsaya a kan bakin dillali ɗaya. Ni littafin rubutu na ɗaliban nan mai shafi 60 na saya, kowane wuri na rubuta farashinsa da kwanan wata. Bayan wata shida na sake zagayawa na sake rubutawa. Wannan littafin ya koya mini abin da ban taɓa karantawa a makaranta ba: farashin yana tafiya da gudu, ni kuwa ina bin sa da rarrafe.

Nan ne gundarin maganar. Buhun siminti da muke saya wajen naira 2,500 a 2020, a farkon 2024 ya haura dubu 10 a wurare da yawa. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, komai ya bi. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya ajiye dubu 500 a banki a 2020, yana da kuɗin buhun siminti 200. Da ya bar su nan har 2024, lambar da ke cikin asusun ba ta canza ba, amma buhu 50 kawai za su saya masa. Ba ɓarawon da ya shiga, amma kashi uku cikin huɗu sun tafi. Don haka na daina ƙirga tarina da naira. Duk ƙarshen shekara sai in tambayi kaina, abin da ke hannuna buhun siminti nawa ne, ko kashi nawa ne na fili a wurin da nake so? In amsar ta ragu, to na ci baya ko da alat yana nuna ƙari.

Sannan ka sani kafin alƙalami ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai la'adar dillali, mu kashi 5 cikin 100 muka biya. Akwai wanda zai rubuta yarjejeniya, akwai ɗan abin da ake bai wa shaidu da mai unguwa, akwai kuɗin bincike a ofishin filaye, akwai ƙyaure da taga da sokawe in gidan bai ƙarasa ba, akwai motar kwashe kaya. Duk adadin da ka sa a ranka, ka ɗora masa aƙalla kashi ɗaya cikin biyar.

Daga ina kuɗin za su fito? Kafin ka rage komai, ka yi wata biyu kana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har naira 50 ta ruwan leda. Na yi zaton cefane ne yake cinye ni. Da na duba sai na ga cefane yana nan daidai gwargwado, ramukan suna wani wuri: katin waya da data, tsire da balangu a hanyar dawowa, shayi da ƙwai a majalisa, da kuma gudummawar da nake bayarwa don kunya kawai. Sun haura dubu 15 a wata. Ban taɓa abincin yara ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa. Gidan da aka gina da yunwar iyali ba a jin daɗin zamansa, kuma abin da ka rage a tukunya asibiti zai karɓe.

Abin da ka yanke za ka tara, ka fitar da shi ranar da albashi ya shigo, tun kafin ka koma gida. In ka ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata, ba abin da zai rage. Ni adashe ne ya yi mini wannan aikin. Mu goma ne a makarantarmu, kowa dubu 20, duk wata mutum ɗaya ya kwashi dubu 200. Amfanin adashe ba riba ba ne, ba ya ƙara ko kwabo. Amfaninsa kunya. Kana iya yaudarar kanka, amma ba za ka iya haɗa ido da abokan aiki tara a ɗakin malamai ka ce ba ka da zubi ba.

Sai dai adashe iri-iri ne. Ka shiga da mutanen da albashinsu ko cinikinsu yake zuwa lokaci ɗaya da naka, waɗanda ka san gidajensu. Kada ya wuce wata goma ko goma sha biyu, domin in ya yi tsawo mai kwasar ƙarshe ruwa zai kwasa. A rubuta sunaye da jerin kwasa, a kuma yi magana tun farko a kan abin da za a yi in wani ya rasu ko an yi masa canjin wurin aiki, don waɗannan biyun ne suke kashe adashe fiye da rashin gaskiya. A tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai kwasa, kada su kwana a hannun uwar adashe. In kuma da hali ka nemi kwasar farko-farko, amma da sharaɗin ka riga ka san inda za ka sa kuɗin. Dubu 200 da ba su da wurin zuwa sun fi komai saurin narkewa. Wanda wurin aikinsa yake da ƙungiyar taimakon kai da kai da ake cire zubi tun daga albashi, wannan ma ya yi, ya dai tambaya ko bashinsu da ruwa ne ko babu.

Wani abu da ya kusa karya ni a shekarar farko shi ne kuɗin haya. A Kano na shekara ake biya, kuma in bai samu nasa asusun ba, ranar da wa'adi ya cika hannunka zai tafi kai tsaye cikin kuɗin gida. Ka raba hayar shekara gida goma sha biyu, ka riƙa ware ta daban kowane wata. Kuma ka yi haƙuri da ƙaramin wuri. Da muka tashi a 2020, ɗaki biyu muka kama maimakon uku, muka haɗa tsakar gida da wasu. Uwargida ce ta sha wannan wahalar fiye da ni, domin ita ce take wuni a ciki. Ban manta ba.

Yanzu sai inda za a ajiye. Ba a gida ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya ga yadda masu ajiya a ƙarƙashin katifa da cikin tukunya suka kwana a layin banki. Ga gobara, ga ɓarawo, ga kuma kai kanka, wanda ya fi kowa sanin inda suke. Na buɗe asusu na biyu a wani banki mai nisa da unguwarmu, na ce ba na son kati, ban kuma sa manhajarsa a waya ba. In ina son cire kuɗi sai na hau babur na je na cike takarda. Kuɗin darasin yamma da nake yi wa yara masu shirin jarrabawa, dubu 10 zuwa 15 a wata, can suke zuwa. Ka tabbata bankin yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da take kare kuɗin masu ajiya a bankuna. A 2024 an ɗaga abin da take biya in banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 ga manyan bankuna, miliyan 2 ga ƙananan bankunan al'umma. Ba tatsuniya ba ce, a watan Yunin wannan shekarar aka ƙwace lasisin bankin Heritage.

Amma banki zango ne, ba masauki ba. Da zarar kuɗi sun kai su sayi wani abu da ba ya narkewa, ka fitar da su. A nan na yi kuskuren da har yau nake lissafa shi. Kwasata ta farko, dubu 200, na bar ta a banki sama da shekara ina jiran ta biyu. Filin da aka yi mini tayi dubu 350 a ƙarshen 2020, da na dawo a Nuwamban 2021 sai da na biya dubu 450. Da na san abin da na sani yanzu, da na ba mai filin rabi a lokacin, mu rubuta, in cika masa daga baya. Masu gonakin da ake yankawa da yawa suna yarda da haka, ni ne ban tambaya ba.

Wannan filin, ƙafa 50 da 50, awon igiya, ban saye shi don in gina ba. Asusu ne. A 2024 na sayar da shi miliyan 1 da dubu 700, kuma shi ne ƙashin bayan kafin alƙalamina. Ba wayona ba ne, gari ne ya matso, naira kuma ta faɗi. Amma kada wani ya ji wannan ya ruga ya sayi duk abin da aka nuna masa, domin awon igiya yana da haɗarinsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa duk filin jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu ba satifiket ɗin mallaka ba ce. In hanya ta biyo ta kai, ko wurin yana cikin shirin gwamnati, abin da za ka samu kaɗan ne in ma ka samu. Don haka kafin ka biya, ka je KANGIS, hukumar da take riƙe da bayanan filaye a jihar Kano, a duba maka matsayin wurin. Ka je filin a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake kwanciya. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama kududdufi da damina. Ka ɗaga kai ka duba ko babbar wayar lantarki ta ratsa. Ka yi sallama da maƙwabtan gabas da yamma, ka tambaye su na wane ne. Kuma ranar da ka biya, ka sauke bulo ko da ɗari ne ka kafa kusurwa huɗu, ka riƙa leƙawa duk wata. Filin da mai shi ba ya zuwa shi ake sayar wa mutum biyu.

Uwargida tata hanyar daban. Tana yin kunun aya da zoɓo ana kai mata shaguna, kuma duk abin da ta tara gwal take saya, ɗan kunne yau, zobe bayan wata huɗu. Na taɓa ganin abin kamar son ado, ashe ta fi ni hangen nesa. Gwal yana bin dala, kuma ana sayar da shi cikin awa ɗaya. Sai dai a saya a wurin amintacce, a auna a gabanka, a karɓi rasit mai nauyi da lambar gwal ɗin, kuma a sani cewa kuɗin ƙira ba ya dawowa wajen sayarwa, don haka marar kwalliya ya fi. Ranar da za mu biya, ita ta kwance ƙullinta ta ajiye a gabana, ya ba da dubu 450. Na ce mata, "Wannan haƙƙinki ne, ba nawa ba." Ta ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa za a rubuta." Aka kuwa rubuta kasonta a cikin takardar ciniki, da shaidu biyu, ɗaya yayanta ne. Ina roƙon duk namijin da zai karɓi kuɗin matarsa don gida ya yi haka, ke kuma 'yar'uwa kada kunya ta hana ki nema. Mun ga matan da suka sayar da gadonsu aka yi gini, miji ya rasu, aka raba gidan aka ba su tumunin takaba kawai, domin ba wata shaida.

Kiwo ma na taɓa. Sau biyu ina sayen raguna biyu-biyu bayan kaka in kai wa ƙanin mahaifina a ƙauye, in sayar gab da babbar salla, mu raba riba. An samu, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba, dusa da harawa suna cin rabonsu, kuma ɗaya ya taɓa mutuwa. Wanda ba shi da amintacce a ƙauye ya bar shi. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, wanda aka fara fitarwa a 2017, ana shiga da dubu 10, babu ruwa a ciki, kuɗin hayar titunan da aka gina ake raba wa masu shi. Yana da aminci, sai dai shekaru bakwai ko goma ake yi, kuma a shekarun da farashi ya yi tashin gwauron zabi abin da yake bayarwa bai kamo shi ba.

Akwai abin da zan faɗa da nauyin zuciya. A 2022 wani abokin aikina ya nuna mini wata harka a waya, ka sa dubu 100 a ba ka dubu 30 duk wata, wai kasuwancin kuɗin ƙasashen waje ake yi. Ya nuna mini alat ɗinsa. Na san labarin MMM da ya rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, amma gaggawa ta rufe mini ido. Na cire dubu 120 daga kuɗin darasi na sa. Wata ɗaya aka biya ni, a na biyu shafin ya daina buɗewa. Darasin yamma na kusan shekara ɗaya ke nan, tsayuwa gaban allo bayan la'asar har magariba. Mai tara kuɗin gida shi ne ya fi kowa sauƙin kamuwa, domin ya gaji da jira. Duk wanda ya yi maka alƙawarin riba tsayayya mai yawa duk wata, ba tare da ka ga hajar da ake saya da sayarwa ba, ka tashi daga wurin ko da limaminku ne ya kawo shi.

Sai babbar magana, wadda ba a cika faɗa ba: 'yan'uwa. A wurinmu albashin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba, domin ni ma da kuɗin wani kawuna na yi karatu. Amma in ba ka yi wa abin tsari ba, ba za ka taɓa tara komai ba, su ma ba za ka taɓa yi musu wani abin kirki ba. Abin da na yi shi ne, na raba buƙatu gida biyu. Abincin Hajiya da maganinta, da rashin lafiyar gaske ta kowane ɗan'uwa, waɗannan suna gaba da gida, ko da za a fasa asusu. Na fasa sau ɗaya, lokacin da aka yi wa ƙanwata aiki wajen haihuwa, ban kuma yi nadama ba. Amma anko, da gudummawar biki ta nuna isa, da jarin da aka karɓa sau uku ba a ga sana'a ba, waɗannan na ware musu dubu 5 a wata. In ta ƙare ta ƙare.

Na je na sami Hajiya tun farko, na durƙusa na faɗa mata niyyata. Ta ce, "Allah ya yi albarka. Amma kada ka faɗa wa kowa adadin." Na riƙe wannan. Mutum uku ne kawai suka san abin da ke hannuna, ni da uwargida da ita. Ranar da ƙanina ya zo ya ce, "Yaya, ina son ka ranta mini dubu 150 in cika in sayi babur, na ji an ce ka kwashi adashe," ban yi masa ƙarya ba. Na ce, "Na kwasa, amma kuɗin suna da inda za su. Ga dubu 20 kyauta, ba bashi ba." Ya ɗan yi fushi na kwana biyu, ya huce. Ƙaramar kyauta ta fi babban rance tsakanin 'yan'uwa, domin rancen ba ya dawowa, kuma yana tafiya da zumuncin. Wani amfanin mayar da kuɗi fili ko gwal ke nan: in ka ce ba ka da tsaba, gaskiya ka faɗa.

Kada ka manta da zakka. In tsabar da ke hannunka, ko gwal ɗin ajiya, ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, kuma ta shekara, akwai kashi 2.5 cikin 100 a kanta ko da don gida kake tarawa. Yawancin masu irin samuna ba sa kaiwa, amma ka duba. Filin da aka saya da niyyar sayarwa ma yana da nasa hukuncin, ka tambayi malamin da ka amince da shi.

Akwai hanyoyin hukuma da ya kamata ma'aikaci ya sani, ko da ni ban bi su ba. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, kuma wanda ya yi zubin aƙalla wata shida yana iya neman bashin gida da ruwan kashi 6 cikin 100, a biya har cikin shekara 30. Ka duba takardar albashinka, mutane da yawa ana cire musu ba su sani ba, kuma ko ba ka ci bashin ba kana da damar karɓar zubinka bayan ritaya. Sannan tun Satumbar 2022 hukumar fansho ta PenCom ta amince wanda yake da asusun fansho na ƙashin kansa, kuma an yi masa zubin wata 60, ya yi amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki a matsayin kafin alƙalamin bashin gida. Mu ma'aikatan jihar Kano tsarin fanshonmu daban ne, amma ma'aikatan tarayya da na kamfanoni su bincika. Ni maganar ruwa ce ta tsayar da ni. Wanda yake da irin wannan damuwar ya je bankunan da ba sa harka da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, ya ji tsarinsu. Sai dai duk inda ka je abu biyu za a nema: ka kawo naka kason tukuna, kuma gidan ya kasance da cikakkiyar takardar mallaka. Gidajen da irinmu muke iya saya a bayan gari yawanci ba su da ita.

Shi ya sa na bi hanyar mai gida kai tsaye. Wani ɗan kasuwa ne, jarinsa ya karye, yana buƙatar kuɗi a hannu. Ya ce in tsaba ce miliyan 3 da dubu 800, in kashi-kashi ne miliyan 4 da dubu 200. Muka tsaya a kan na biyu tun a majalisar ciniki: miliyan 2 da dubu 700 nan take, sauran miliyan 1 da rabi dubu 50 duk wata har wata 30. Kuɗin fili, da gwal ɗin uwargida, da dubu 250 na raguna, da kwasar adashe ta dubu 300, su suka haɗu suka cika. La'ada da ƙyamare daga asusun darasi suka fito.

A ranar biya kada zumuɗi ya ɗebe ka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka ba rashin yarda ba ne ka ce a rubuta. Ka ga asalin takardun da idonka, ka bi su daga hannu zuwa hannu har zuwa mai gonar farko. In gidan gado ne, ka ga takardar rabon gado ta kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu, har matan da suke aure a wani gari. A rubuta cewa farashi ya tsaya, ba ƙari ko siminti ya kai nawa. A rubuta abin da zai faru in ka makara wata ɗaya ko biyu, mu mun yi a kan rangwamen kwana 60. A rubuta abin da zai faru da kafin alƙalaminka in cinikin ya warware, da wanda zai riƙe asalin takardu kafin ka gama biya. Namu suna hannun lauyan da muka yarda da shi mu biyu. A rubuta abin da magada za su yi in ɗayanku ya riga mu gidan gaskiya. Ka biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ba na dillali ba. Dillalin namu ya ce, "Haba Malam, duk wannan dogon turanci? Alhaji mutumin kirki ne." Na ce, "Na sani. Don 'ya'yansa da nawa nake yi."

Kuma kada ka kwashe komai har ƙasa. Ka bar aƙalla biyan wata uku a gefe kafin ka sa hannu. Mu mun jinkirta tarewa har wata huɗu, sai da hayar da muka riga muka biya ta ƙare, muka sa ƙyamare da tagogi, muka yi daɓen ɗaki ɗaya da falo, muka haƙa sokawe. Dubu 25 da nake warewa haya duk wata yanzu ita ce rabin biyan Alhaji.

Na biya wata goma sha huɗu, saura goma sha shida. Ɗakin yara har yanzu bulo ne tsirara, ruwa kuma daga masu kura muke saya. Adashen bana na karɓi kwasar watan Maris, kuma na riga na yi magana da magini a kan filastar ɗakin nan kafin damina ta sauka.